ESVARBON, IFMA, IWFM ko RICS: Wace Takarda ce Za Ta Amfani Manajan Gini a Kaduna?

Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello, ya karya ta Yakubu Gowon, ya leƙa Ali Akilu ko ya gangara Barnawa, zai ga yadda benayen ofisoshi da rukunin shaguna, waɗanda ake kira filaza, suka yawaita a Kaduna. Kowane ɗayansu yana buƙatar mai riƙe shi: wanda zai karɓi haya, ya raba kuɗin dizal, ya tabbatar ruwa na hawa tanki, ya kuma hana tsohuwar wayar wuta ta jawo gobara. Da yawa daga masu wannan aiki a hannu suka koye shi. Idan tafiya ta yi nisa, aka fara neman albashi mai kauri ko kwangilar banki, sai maganar takarda ta taso, kuma a nan ne mutane ke zuba kuɗi a inda bai dace ba.

Tushen kuskuren shi ne sunan manajan gini yana ɗauke da sana'o'i biyu. Ta farko kula da kadara ce a matsayin dukiya: yarjejeniyar haya, karɓar kuɗi, sabunta wa'adi, ba da notis, ƙiyasta darajar gini, da miƙa wa mai gida lissafi. Ta biyu kula da ginin ne a matsayin wurin da mutane ke aiki: janareta, taransifoma, na'urorin sanyaya ɗaki, lif, burtsatse, sokawe, shara, masu gadi da kayan kashe gobara. A ƙaramar filaza mutum ɗaya ne ke yin duka. Takardun kuwa ba haka suke ba, kowace tana da ɓangaren da ta fi karkata.

Ma'aunin da za a bi

Abu na farko shi ne matsayin takardar a dokar Najeriya. Akwai bambanci tsakanin rajistar da ke ba mutum ikon yin sana'a da satifiket ɗin da kawai ke shaida ya yi karatu. Na biyu, wa zai tambaye ka ita? Takardar da masu ɗaukar aiki a Abuja ke girmamawa, mai yiwuwa Alhajin da ya gina shaguna arba'in a Tudun Wada bai taɓa jin sunanta ba. Na uku kuɗi, kuma a lissafa shi gaba ɗaya: rajista, littattafai, jarrabawa, maimaita jarrabawa idan an faɗi, kuɗin zama mamba na shekara, da tafiya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a 2024, don haka duk abin da ake biya da dala ko fam ya ninka nauyinsa. Sai ɗorewa, wato ko takardar ta har abada ce ko sai an riƙa sabuntawa. Sai sauƙin shiga. Na ƙarshe haɗari: ta ina kuɗin mutum da lokacinsa za su iya salwanta.

NIESV da ESVARBON

Cikin hanyoyin da za a kwatanta a nan, wannan ce kaɗai ke da dokar Najeriya a bayanta, shi ya sa ta cancanci dogon bayani. NIESV ƙungiyar ƙwararrun masu kula da kadarori da ƙiyasta darajarsu ce, an kafa ta a 1969, kuma tana da reshe a Kaduna. ESVARBON hukumar gwamnatin tarayya ce da dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ta kafa domin yi wa masu sana'ar rajista da ladabtar da su. Dokar ta saka ƙiyasin daraja, gudanar da kadarori, da saye, sayarwa ko bayar da haya a madadin mai dukiya cikin ayyukan sana'ar. A zahiri lauyoyi da dillalai da 'yan uwan masu gida suna karɓar haya a ko'ina cikin gari. Amma rahoton darajar gini da banki zai karɓa don jingina, ko kotu ta dogara da shi a rabon gado ko biyan diyya, sai mai hatimin ESVARBON ne zai sa masa hannu.

Matakan a jere suke. Ana fara da digiri ko babbar difloma a fannin kula da kadarori daga makarantar da hukumar ta amince da kwas ɗinta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana koyar da shi a sashenta na nazarin muhalli da ke Barnawa, haka nan Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi. Daga nan mutum ya shiga NIESV a matakin mai koyo, ya yi aƙalla shekara biyu a ƙarƙashin ƙwararre mai rajista yana rubuta ayyukan da ya yi, ya rubuta jarrabawar da ta hau kansa gwargwadon takardar da ya zo da ita, ya gabatar da rubutaccen nazari a kan wani aiki da ya yi da hannunsa, sannan ya zauna gaban kwamiti a yi masa tambayoyi. Idan ya haye ya zama cikakken mamba, sai ya nemi rajistar ESVARBON, ita ma da tata tantancewar, kafin a ba shi hatimi.

Da naira ake biyan komai, kuma a rarrabe cikin shekaru, don haka ba ta karya mutum lokaci guda. Tsadarta a lokaci take: wanda bai karanci fannin ba yana da doguwar tafiya a gabansa. Ɗorewarta babu kamarta a cikin gida, muddin ana biyan kuɗin shekara ana halartar tarukan ƙara ilimi na dole. Inda aka fi yin tuntuɓe wuri uku ne. Wani ya yi karatu a sashen da ba a amince da shi ba, sai ya gama ya gane. Wani ya yi shekarun koyo a ofishin dillalin da ba shi da rajista, shekarun su tafi a banza domin babu mai sa masa hannu. Wani kuma ya bar littafin ayyukansa fayau har sai tantancewa ta matso, ya zauna ya cike shi da ka, kuma kwamiti ba ya wuyar gane irin wannan. Rauninta ɗaya ne, amma babba: ba ta zurfafa a kan injina. Mutum zai iya zama gwani a yarjejeniyar haya da cire harajin kashi 10 cikin ɗari da kamfanoni ke yi daga kuɗin haya, amma makaniken janareta ya riƙa juya shi yadda ya so.

IFMA: FMP da CFM

IFMA ƙungiyar masu kula da gine-gine ce ta duniya, an kafa ta a 1980, hedkwatarta na Houston a Amurka, kuma tana da reshe a Najeriya. Takardunta biyu ne aka fi nema, kuma mutane na yawan ruɗa su.

FMP ta karatu ce. Ba a neman digiri ko shekarun aiki kafin a shiga. Darussa huɗu ne: gudanarwa da gyare-gyare, tafiyar da ayyuka masu wa'adi, kuɗi da kasuwanci, sai shugabanci da tsara dabaru. Kowanne yana da jarrabawarsa ta intanet, kuma mai ƙwazo da ke aiki da rana yana karatu da dare zai iya kammalawa cikin 'yan watanni. Ba a sabunta ta, idan an samu an samu ke nan. Kuɗinta ya haura dala 1,000, kuma ya fi sauƙi ga wanda ya fara zama mamba.

CFM kuwa ta gogewa ce. Ba kwas ba ce da za a zauna a koya wa mutum, jarrabawa ce ta awa huɗu a kwamfuta ƙarƙashin sa ido, wadda ke gwada fannoni goma sha ɗaya, daga kula da haɗari zuwa kadarori, sadarwa, inganci da fasahar adana bayanan gini. Ana neman shekara biyar na aiki, ko uku ga mai digiri a fannin. Kuɗin jarrabawar ɗaruruwan daloli ne, ƙasa da na FMP, amma duk shekara uku sai an sabunta, da shaidar ci gaba da aiki da neman ilimi, da wani kuɗin. Tambayoyinta na yanayi ne: a ba ka matsala da amsoshin da duk suna kama da daidai, a ce ka zaɓi wadda ta fi. Masu faɗuwa galibi ba rashin sanin aiki ke kayar da su ba. Sun saba amsawa a matsayin mai gyara, alhali jarrabawar tana son amsar mai tsara kasafi da auna haɗari.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara game da littattafan IFMA, da ma na duk ƙungiyoyin waje. An rubuta su ne don ƙasashen da wutar gwamnati ba ta ɗaukewa, janareta na zaune ne don ranar tsautsayi. A Kaduna janareta shi ne rabin aikin. Babu darasin da zai tsaya ya nuna maka cewa injin dizal mai ƙarfin kVA 100, idan yana ɗauke da kashi uku cikin huɗu na nauyinsa, yana shan lita 16 zuwa 18 a awa, kuma duk abin da ya wuce haka da nisa alama ce ta yoyo, lalacewar bakin feshin mai, ko hannun wani a cikin tanki. Ba za a jaddada maka cewa barin babban inji yana aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa, kamar yadda ake yi da dare idan shaguna sun rufe, yana tara ɗanyen mai da baƙin hayaƙi a salansa har ya rage masa kwana ba. Juyen baƙin mai bayan kimanin awa 250, wanke matatun na'urar sanyi akai-akai lokacin ƙurar hunturu, yashe magudanan rufi kafin ruwan farko na damina, duk a wurin aiki ake koyonsu. Abin da FMP ke bayarwa, kuma yana da daraja sosai, shi ne tsari: jerin duk kayan da ke ginin da shekarunsu, jadawalin gyara kafin lalacewa, yarjejeniya da ɗan kwangila mai ƙayyade lokacin da zai amsa kira, da kasafin da ke ware kuɗin maye gurbin inji tun kafin ya mutu. Wanda ya haɗa wannan tsari da sanin gida shi ne zai iya tsayawa gaban 'yan haya ya nuna musu, da alƙaluma, dalilin da ya sa aka raba kuɗin hidima bisa faɗin kowane shago da abin da mitarsa ta nuna, maimakon a raba daidai wa daida tsakanin mai sayar da atamfa da mai firiza shida.

IWFM

Wannan ƙungiyar masu kula da gine-gine ce ta Birtaniya. An kafa ta a 1993 da sunan BIFM, ta sauya suna a 2018. Karatunta hawa-hawa ne daga mataki na 2 zuwa na 7, kuma a matakan akwai gajere, matsakaici da cikakkiyar difloma. Mataki na 3 ya dace da mai sa ido a kan ma'aikata, na 4 kuma da manajan da ke riƙe da gini ko rukunin gine-gine. Babban bambancinta da IFMA shi ne galibi ba zaman jarrabawa ake yi ba, rubuce-rubuce ake miƙawa a kan wurin aikin mutum. Wannan alheri ne ga mai tsoron jarrabawa, kuma yana sa karatun ya taɓa ginin da kake riƙe da shi kai tsaye. Amma yana buƙatar Ingilishi mai kyau a rubuce da kuma izinin mai gida a yi amfani da bayanan gininsa.

Da fam ake biya, ta hannun cibiyoyin da ƙungiyar ta amince da su, kuma farashi ya bambanta daga cibiya zuwa cibiya. Takardar karatun ba ta mutuwa, amma haruffan da ake sawa bayan suna na mamba ne, sai ana biyan kuɗin shekara. Haɗarin yana wurin cibiyar: a duba sunanta a shafin IWFM kafin a tura ko sisi, kada a yi cinikin biri a sama.

RICS

Wannan ƙungiyar ƙwararru ce a harkar filaye, kadarori da gine-gine, kuma ita ce mafi tsufa, tun 1868 a Landan, kuma mafi nauyi a idon masu zuba jari na ƙasashen waje. Tana da hanyar kadarorin kasuwanci, da ta ƙiyasin daraja, da ta kula da gine-gine, wato ta taɓa sana'o'in biyu. Mai digirin da aka amince da shi wanda bai kai shekara biyar da fara aiki ba yakan yi wata 24 na horo mai tsari a ƙarƙashin mai ba da shawara wanda shi ma cikakken mamba ne, ya rubuta nazarin wani aiki, sannan ya fuskanci tambayoyi na awa ɗaya. Bayan an samu, akwai kuɗin shekara da fam da awa 20 na ƙarin ilimi kowace shekara. Wahalarta a Kaduna ita ce samun mai ba da shawarar, da samun ayyuka masu girman da za su cika sharuɗɗan. Kuma duk girmanta ba ta maye gurbin hatimin ESVARBON a Najeriya.

CPM, RPA da digiri na biyu

CPM takarda ce ta IREM, ƙungiyar masu kula da kadarori da ke Chicago, wadda aka kafa a 1933. Tana neman wata 36 na gogewa, kuma tana da ƙarfi ƙwarai a lissafin ribar gini. RPA da FMA kuma takardu ne na BOMI, cibiyar horar da manajojin gine-gine ta Amurka. Kuɗin kammala CPM dubban daloli ne, dokokin haya da harajin da ake koyarwa na Amurka ne, kuma da wuya a ga tallar aiki a Arewa da ta ambace su. Ga mai zama a Kaduna, ba su ne na farko ba.

Abin da ya fi su kusa shi ne digiri na biyu a fannin kula da gine-gine, wanda sashen gini na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ke bayarwa. Da naira ake biya, ba ya mutuwa, kuma ma'aikatan gwamnati sun san yadda tsarin aiki ke mutunta takardar jami'a. Ba lasisi ba ne, kuma yajin aiki na iya tsawaita shi.

| Takarda | Ɓangaren da ta fi ƙarfi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin shiga | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| NIESV da ESVARBON | Haya, ƙiyasi, doka | Naira, a rarrabe | Muddin ana biyan na shekara | Sai da karatun fannin da shekarun koyo | Koyo a hannun marar rajista |
| FMP | Tsarin gudanar da gini | Sama da dala 1,000 | Ba a sabuntawa | Babu sharaɗi | Ɗaukarta a matsayin lasisi |
| CFM | Shaidar gogewa | Ɗaruruwan daloli | Sabuntawa duk shekara 3 | Shekara 3 zuwa 5 na aiki | Faɗuwa da sake biya |
| IWFM | Gudanarwa, mataki-mataki | Fam, ya danganta da cibiya | Karatun na dindindin | Da sauƙi a ƙananan matakai | Cibiyar bogi |
| RICS | Duka biyun | Fam, da na shekara | Muddin ana mamba | Mai wuya | Rashin mai ba da shawara |
| CPM | Ribar gini | Dubban daloli | Muddin ana mamba | Wata 36 na aiki | Ba a san ta a nan ba |
| Digiri na biyu | Ilimi mai faɗi | Naira | Na dindindin | Sai da digiri na farko | Tsawaitar lokaci |

Kafin a biya

Kowane wata sai an ga tallar wata cibiya da ke ba da taron kwana biyu a otal, a kammala da hoto da takarda mai ado da laƙabi mai tsawo. Tambaya biyu sun isa a gane ta: wace doka ce ta kafa ta, kuma wane mai ɗaukar aiki ne ya taɓa neman takardarta a rubuce? Haka nan idan aka ce za a ba ka satifiket na ISO 41001, ka sani wannan ma'auni na 2018 na tsarin kamfani ne. Mutum zai iya koyon duba shi, amma ba ya zama ƙwararren manaja da shi.

Tun yau ka fara tara shaidar aikinka: wasiƙar ɗaukar aiki mai bayyana nauyin da ke kanka, faɗin ginin a murabba'in mita, yawan 'yan haya, kasafin shekara, da rahotannin gyara. NIESV, CFM da RICS duk za su nema, kuma tsohon mai gida ba kullum yake amsa waya ba. Ka rubuta sunanka a rajista daidai da yadda yake a fasfo, domin bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai yana iya hana ka shiga ɗakin jarrabawa. Ka tabbatar da hanyar biyan kuɗin waje kafin wa'adi ya matso, kuma idan horon na ido da ido ne a Abuja, ka saka tikitin jirgin ƙasa daga Rigasa da kuɗin masauki a lissafi.

Wa ya dace da wace

Matashin da ya karanci kula da kadarori, ko yake niyyar buɗe ofishinsa yana karɓar haya yana rubuta rahoton daraja, ya nufi NIESV da ESVARBON, kada ya kashe dala ɗaya kafin hatimi ya zo hannunsa. Idan daga baya aka damƙa masa babban bene mai lif da taransifoma, sai ya ƙara da FMP.

Injiniyan lantarki ko na injina, ko mai digirin gini, wanda ke kula da rassan banki, asibiti, otal ko masana'anta a Kakuri, ya fara kammala rajistarsa ta COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ko CORBON ta ƙwararrun magina, sannan FMP, domin abin da ya rasa shi ne kasafi da kwangila, ba sanin inji ba. Idan ya haura shekara biyar yana riƙe da kasafi da ma'aikata, ya tsallake kai tsaye zuwa CFM.

Ma'aikacin gwamnati, a KADFAMA, hukumar jihar mai kula da gine-ginen gwamnati, ko a sashen gyare-gyare na wata ma'aikatar tarayya, musamman bayan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 11 na 2022 a kan kula da gine-ginen gwamnati, digiri na biyu daga Zariya zai fi yi masa aiki.

Mai hangen Birtaniya ko ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ya duba IWFM mataki na 4 ko CFM, RICS kuma idan yana aiki a kamfanin da ke da cikakken mamba da zai riƙe hannunsa.

Wanda ke riƙe da filazar iyali ko shaguna a kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ba ya neman aiki a wani wuri, ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin masu tsadar nan. Ya yi kwas ɗin kiyaye haɗari na ISPON, ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni ta Najeriya, ko na NEBOSH ta Birtaniya idan aljihu ya yarda, ya nemi jami'an kashe gobara su horar da masu gadinsa, ya koyi riƙe lissafi a kwamfuta, sannan ya ɗauki mai rajistar ESVARBON ya duba masa yarjejeniyar haya da ƙimar shagunan duk lokacin da za a sabunta.